MUTUWAR ƘASHIN KWATANGWALO BAYAN RAUNI: YADDA AKE HANGO TA TUN DA WURI

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Kasuwar Kure ta Minna da hantsi zai ga yadda abincin mutane da yawa ya rataya a kan ƙafafunsu. Ga 'yan dako ɗauke da buhunan masara da shinkafa, ga masu turin baro cike da doya, ga yaran mota a saman lodi suna kwance igiya, ga kuma masu babur da masu keke napep suna kutsawa tsakanin jama'a a bakin ƙofa. Kasuwar, wadda ta ci sunan Injiniya Abdulƙadir Abdullahi Kure, gwamnan Jihar Neja daga 1999 zuwa 2007, tana tara mutanen gari da na ƙauyukan kewaye kowace rana. A irin wannan wuri faɗuwa da karo ba baƙin abu ba ne.

Yawancin raunukan da ake ji a wurin aiki ko a kan hanya suna nuna iyakar ɓarnarsu tun a ranar farko. Amma akwai wani rauni wanda sharrinsa ba ya bayyana sai an manta da shi. Mutum ya faɗo daga mota, ko abin hawa ya buge shi, kwatangwalo ya goce ko ya karye. A yi magani, ciwo ya lafa, ya koma bakin aikinsa. Bayan shekara guda ko biyu sai ɗingishi ya fara, zafi ya dawo, har ta kai shi ga kasa durƙusawa. Sa'ad da aka ɗauki hoto sai a tarar ƙashin gaɓar ya mutu, ya kuma rurrushe.

Likitoci suna da hanyoyin da suke bi su hango wannan cuta tun kafin ta bayyana. Wannan ba duba ba ne, ba kuwa da'awar sanin gaibu ba ce. Kamar manomi ne da ke kallon hadari da kaɗawar iska, ya gane cewa ruwa na tafe. Manufar wannan darasi ita ce jama'a su san alamun da ake dubawa, domin rabin aikin yana hannun majinyaci da danginsa.

1. Yadda gaɓar kwatangwalo take

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin ɗan Adam. A samansa akwai wani dunƙule mai kama da ƙwallo, wanda faɗinsa ya kai santimita 4 zuwa 5 a jikin babban mutum. Shi ake kira kan ƙashin cinya. Wani gajeren sashe da ake kira wuya shi ya haɗa kan da sauran ƙashin. Kan yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, yana juyawa a ciki kamar taɓarya a turmi. An lulluɓe kan da gurbin da guringuntsi mai santsi don kada su goge juna, sa'an nan wata jaka mai kauri ta kewaye gaɓar duka. A kowane taku, nauyin da ke sauka a kan wannan ƙwallo yakan kai kusan ninki uku na nauyin jikin mutum, balle a ce yana ɗauke da buhu.

Mutane da yawa suna zaton ƙashi busasshen abu ne kamar itace. Alhali kuwa ƙashi yana da rai. A cikinsa akwai ɓargo da ƙwayoyin halitta masu bukatar abinci da iska, jini kuwa shi ke kai musu. Yawancin ƙasusuwan jiki jini yana shigarsu ta hanyoyi da yawa, in wata ta toshe wata ta ɗauki aikin. Kan ƙashin cinya ba haka yake ba. Da yake guringuntsi ya rufe shi, babu tsokar da ke manne da shi, kusan dukan jinin da yake samu yana zuwa ne ta waɗansu 'yan siraran jijiyoyi da suka bi ta jikin wuyan, musamman ta baya da sama. Akwai wata ƙaramar jijiya da ke shigowa daga cikin gurbin, amma a jikin babban mutum ba ta isa ta ciyar da kan ita kaɗai ba. Watau kan ƙashin cinya kamar ƙauye ne wanda hanya ɗaya tak ke shigarsa, hanyar kuma ta bi ta kan gada. In gadar ta karye, ƙauyen ya shiga yunwa.

2. Yadda ƙashin ke mutuwa

Raunuka iri biyu ne suka fi yanke wannan hanya. Na farko shi ne karayar wuyan ƙashin cinya, inda tsinin ƙashin da ya karye ke tsinka jijiyoyin ko ya murɗe su. Na biyu shi ne gocewar gaɓa, watau kan ya fita daga gurbinsa ɗungum, ya ja jijiyoyin har su miƙe, su tanƙware ko su tsinke. Jinin da ya taru cikin jakar gaɓar shi ma yana iya matse jijiyoyin da suka rage.

Da zarar jini ya yanke, mutuwa takan fara cikin awoyi. Ƙwayoyin ɓargo masu yin jini su ne ke fara mutuwa, cikin awa 6 zuwa 12. Ƙwayoyin ƙashin kansa sukan bi baya cikin awa 12 zuwa 48. Ƙwayoyin kitsen ɓargo sukan jure har 'yan kwanaki.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, mataccen ƙashi ba ya sāke kama nan da nan. Reshen da aka sare ba a ranar ganyensa ke bushewa ba. Ƙashin yana nan da siffarsa da taurinsa har watanni, mutum yana taka ƙafa ba ya jin kome. A cikin wannan lokaci jiki yana ƙoƙarin gyara: sababbin jijiyoyi suna kutsawa cikin mataccen wurin, suna cinye tsohon ƙashi don a gina sabo. To, sau da yawa cinyewar takan fi ginin sauri. Sai wurin ya yi rauni, nauyin jiki kuwa bai fasa sauka a kansa ba. Daga nan sai tsaga ta fito a ƙarƙashin guringuntsi, saman ƙwallon ya lotsa kamar tsohuwar ƙwarya da aka taka. In kan ya rasa zagayensa, sai ya riƙa gurzar gurbin, guringuntsi ya cinye, gaɓar ta sandare. Wannan yakan bayyana tsakanin wata 6 da shekara 2 bayan rauni, wani lokaci ma har shekara 3 ko fiye.

3. Abubuwa shida da likita ke aunawa

*Na ɗaya: inda ƙashin ya karye.* Karayar da ta auku a cikin jakar gaɓa, kusa da kan, ita ce mai haɗari. Wadda ta auku ƙasa da wuyan, inda tsoka ta yi yawa, ba safai take kashe kan ba, domin ta bar jijiyoyin lafiya. Gwargwadon kusancin karaya da ƙwallon, gwargwadon haɗarinta.

*Na biyu: yadda ƙashin ya kauce.* A shekarar 1961 wani likitan ƙashi na Ingila mai suna Garden ya kasa karayar wuyan ƙashin cinya gida huɗu, har yanzu kuwa ana amfani da rabonsa. A mataki na 1 ƙashin ya tsage ya cushe cikin ɗan'uwansa. A na 2 ya karye gaba ɗaya amma bai motsa ba. A na 3 ya kauce kaɗan. A na 4 ya rabu sarai. A matakai biyu na farko galibin jijiyoyin suna tsira, mutuwar ƙashi ba ta cika wuce mutum ɗaya cikin goma ba. A matakai biyu na ƙarshe kuwa haɗarin yakan ninka, har ya kai wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko cikin uku. Tun kafin Garden, a 1935, wani likitan Jamus mai suna Pauwels ya nuna cewa karkatar layin karaya ita ma tana da magana: layin da ya kwanta yakan matse ya haɗe, wanda ya miƙe tsaye kuwa yakan zame in nauyi ya hau shi.

*Na uku: awoyin da suka wuce.* Wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowane zama a hannun jama'a, musamman in gaɓa ce ta goce. Muddin kan yana waje, jijiyoyinsa a tanƙware suke kamar tiyo da aka taka. In an mayar da shi da wuri, jini na iya komawa kafin ƙwayoyin su mutu. Wani bincike da likitoci biyu na ƙasar Denmak suka buga a 1986 ya nuna cewa cikin waɗanda aka mayar wa gaɓa kafin awa 6, wajen mutum 5 cikin 100 ne ƙashinsu ya mutu. Cikin waɗanda aka mayar bayan awa 6 kuwa, fiye da rabi ne. Saboda haka likitoci suke ɗaukar gocewar kwatangwalo a matsayin larurar gaggawa, ko da tsakar dare ne.

*Na huɗu: kyawun gyara.* In wuya ne ya karye, abin da ya fi muhimmanci shi ne a mayar da ɓangarorin biyu daidai wa daida, a kuma ɗaure su da ƙarfe yadda ba za su motsa ba. Ƙashin da aka haɗa a karkace yana barin jijiyoyin a murɗe, yana kuma hana sababbi ƙetarawa. A lokacin aikin, wasu likitoci sukan huda kan ƙashin da siririn ƙarfe su duba: in jini ya ɓulɓulo, alama ce mai kyau, in ramin ya zauna a bushe, sai a ƙara sa ido a kan majinyacin.

*Na biyar: shekarun mai rauni.* Ƙashin saurayi yana da ƙarfi, ba ya karyewa sai da mummunan bugu, kamar faɗowa daga saman babbar mota ko karo a hanyar Suleja ko ta Bida. Bugun da ya isa ya karya shi ya isa ya yayyaga jijiyoyin. Yara kuma nasu haɗarin dabam ne, gama guringuntsin girma da ke tsakanin kan da wuyan yana hana jini ƙetarawa ta cikin ƙashi, sai ta jijiyoyin waje kaɗai. Karayar da ta faɗa kusa da wannan wuri a jikin yaro tana cikin mafi muni. Tsofaffi kuwa, musamman mata, ƙashinsu ya yi sakayau, zamewa a banɗaki ko a bakin rijiya ta isa ta karya shi. In tsoho ya sami karaya ta mataki na 3 ko na 4, likitoci sukan zaɓi su sauya kan da na ƙarfe tun farko, maimakon a ɗaure a jira abin da ake tsoro.

*Na shida: halin jinin mutum da abin da yake sha.* Ciwon sikila, wanda ake kuma kira amosanin jini, yana toshe ƙananan jijiyoyi, yana kuwa iya kashe kan ƙashin cinya ko ba a yi rauni ba. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo, don haka mai jinin SS ko SC da ya ji rauni a kwatangwalo lalle ne ya faɗa wa likita tun daga farko. Haka nan magungunan nan irin su deksametason da firednisolon, in an daɗe ana shansu da yawa, suna kashe ƙashi. Suna cikin ƙwayoyin da wasu ke saye a kasuwa don neman ƙiba, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Wanda likita ya ɗora a kansu saboda wata cuta kada ya yanke su farat ɗaya, sai da shawarar likitan. Yawan shan giya da shan taba su ma suna ƙara haɗarin.

Likita yakan tattara waɗannan abubuwa shida ya auna, ya ce wannan majinyaci haɗarinsa kaɗan ne, wancan kuwa babba ne. Awon ba ya yanke hukunci a kan mutum ɗaya: akwai wanda alamu suka yi masa kyau amma ƙashin ya mutu, akwai kuma wanda suka munana ya tsira. Amfaninsa shi ne a san irin aikin da ya dace, da wanda za a fi sa wa ido.

4. Misali

A ɗauka 'yan dako biyu ne, sa'o'in juna, suka faɗo daga saman motar doya a bakin Kasuwar Kure da ƙarfe tara na safe, kowannensu kwatangwalo ya goce.

Na farko abokan aikinsa suka shimfiɗa shi a kan katako, suka sa shi a mota sai asibiti. Aka ɗauki hoto, aka sa shi barci da allura, kafin azahar an mayar da gaɓar. Likita ya tambaya aka ce jininsa AA ne, ba ya shan giya, ba ya shan ƙwayar ƙiba. Wannan yana cikin waɗanda haɗarinsu kaɗan ne, amma duk da haka za a ba shi ranakun komowa.

Na biyu aka kai shi gida, aka shafa masa man zafi, aka jira wansa ya dawo daga ƙauye. Washegari aka kira mai ɗori, ya ja ƙafar bai samu ta koma ba. Sai a rana ta uku aka isa asibiti, inda ta kai sai da aka yi tiyata kafin kan ya shiga gurbinsa. Bayan wata uku shi ma ya miƙe yana tafiya kamar ɗan'uwansa, mai kallo ba zai bambanta su ba. Amma likitan da ya san awoyin da aka ɓata ya san cewa wannan na biyu yana tafe da haɗari mai girma. In aka ce ya dawo bai dawo ba, ya koma ɗaukar buhu, mai yiwuwa ne baɗi war haka ya kasa ɗaukar ko da tulun ruwa.

Faɗuwa ɗaya ce, rauni iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne shawarar da mutanen da ke tsaye a wurin suka yanke cikin awa ta farko.

5. Hotuna da abin da suke nunawa

*Hoton ƙashi na yau da kullum.* Shi ne ke nuna karaya da gocewa a ranar farko, babu makawa sai da shi. Amma ba ya ganin mutuwar ƙashi da wuri, domin mataccen ƙashi da rayayye kamarsu ɗaya a cikinsa har watanni. Don haka in an ce wa majinyaci hotonsa na wata na biyu yana da kyau, ma'anarsa ita ce ƙashin yana zaune daidai, ba wai haɗari ya wuce ba. Daga baya ne ake fara ganin wuri mai fari-fari ko 'yan ramuka. In wani siririn layi mai kama da jinjirin wata ya fito a ƙarƙashin guringuntsi, to, tsaga ta riga ta auku, lotsawa ta kusa.

*Hoton maganaɗisu, wanda ake kira MRI.* Wannan yana ganin ɓargo, don haka yakan gano cutar cikin makonni ko watannin farko, tun hoton yau da kullum bai nuna kome ba. Yana kuma nuna girman wurin da ya mutu da inda yake, waɗannan biyun kuwa su ne ke faɗin makomar gaɓar. In mataccen wurin bai kai kashi 15 cikin 100 na kan ba, yana kuma gefe, sau da yawa ba ya lotsawa. In ya wuce kashi 30 cikin 100, yana kuma daidai inda nauyin jiki ke sauka, galibi yakan lotsa in ba a yi wani abu ba. Hoton yana da tsada, ba kuma kowane asibiti ke da na'urarsa ba. Shi ya sa ake amfani da abubuwa shidan nan a zaɓi waɗanda suka fi bukatarsa. Wanda aka sa wa ƙarfe a jiki ya sanar da masu ɗaukar hoton kafin ya shiga.

*Hoton zagayen jini a ƙashi.* A wasu manyan asibitocin koyarwa akan yi wa mutum allurar wani sinadari da ke bin jini ya zauna a ƙashi, sa'an nan a ɗauki hoto. Inda jini ba ya zuwa sai ya fito wayam.

Tun a shekarun 1960 likitoci biyu na Faransa, Ficat da Arlet, suka tsara matakan cutar. A mataki na 1 akwai ciwo amma hoton yau da kullum bai nuna kome ba. A na 2 ƙashin ya sāke launi a hoto, amma kan yana nan da zagayensa. A na 3 ya lotsa. A na 4 gurbin ma ya lalace. Iyakar da ke tsakanin na 2 da na 3 ita ce iyakar da ke tsakanin ceton gaɓa da rasa ta.

6. Alamun da majinyaci zai lura da su

Duk wanda ya taɓa samun karaya ko gocewa a kwatangwalo, ya kula da waɗannan, ko da an daɗe da sallamarsa:

(a) Ciwo a matsematsi, ko a gaban cinya, ko a ɗuwawu, wanda ke ƙaruwa in an taka ƙafa.

(b) Ciwon gwiwa wanda ba a san dalilinsa ba. Jijiyar da ke kai saƙon zafi daga kwatangwalo tana kaiwa har gwiwa, don haka mutum yakan yi ta shafa wa gwiwa magani alhali cutar tana sama. Wannan ya fi yawa ga yara.

(c) Ɗingishi da ya dawo bayan ya tafi.

(d) Wahalar tsugunawa, ko tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, ko zaman tahiya, ko hawa babur.

(e) Ƙafa ɗaya ta fara gajarta, ko ciwo ya riƙa ta da mutum daga barci.

Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu kada ya tsaya sayen maganin kashe zafi a kemis. Maganin yana rufe bakin ciwon ne kawai, mutum ya ci gaba da taka ƙashin da ke gab da lotsawa.

7. Abin da za a yi a wurin da haɗari ya auku

Ana iya gane raunin kwatangwalo da ido. In gaɓa ta goce ta baya, wanda shi ne ya fi yawa, ƙafar takan gajarta, gwiwa ta tanƙware ta juya ciki. In wuya ne ya karye ya kauce, ƙafar takan gajarta, tafin ya kwanta ya juya waje. Amma a kula: wanda ƙashinsa ya tsage ya cushe yana iya miƙewa har ya yi 'yan taku, sai bayan kwana biyu karayar ta rabu. Iya tsayuwa ba shaidar lafiya ba ce.

(a) Kada a ja ƙafar, kada a murɗa ta, kada a tsayar da mutum don a gwada ko zai iya tafiya.

(b) A bar ƙafar yadda take, a tallafe ta da tsumma ko matashi, a ɗauke shi a kan katako ko ƙyaure, mutum uku ko huɗu tare.

(c) A sa shi a mota a kwance. Kada a ɗora shi a babur.

(d) Kada a ba shi abinci ko abin sha, domin mai yiwuwa ne a sa shi barci don a yi aiki, cikakken ciki kuwa yana jawo jinkiri.

(e) A riƙe lokacin da abin ya faru, a faɗa wa likita daidai.

(f) In a kan babbar hanya ne, ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122.

A Minna akwai Babban Asibiti da kuma Asibitin Ƙwararru na IBB. In aikin ya fi ƙarfin inda aka fara zuwa, akan tura majinyaci gaba, kamar asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Bida, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano. Ya kamata jama'a su sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa. Saboda haka a fara kai mai rauni, a bar wasu su bi baya da neman kuɗi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan dako za su taimaki kansu ƙwarai in suka ware wani abu a asusunsu domin irin wannan rana, suka kuma san tun da wuri motar da za a nema.

8. Game da masu ɗori

Ɗori tsohuwar sana'a ce da ake gado, jama'a kuwa sun saba da ita, ga sauƙin kuɗi, ga kusanci. Amma kwatangwalo ya sha bamban da hannu ko ƙwauri. Gaɓar tana can ciki ƙarƙashin tsoka mai kauri, hannu ba ya iya lalubo inda ta karye, karan ɗori kuma ba ya iya riƙe ta. Tsokokin da ke kewaye da ita suna da ƙarfin da ba a iya rinjayarsu sai an sa mutum barci. Jan ƙafa da ƙarfi yana iya tsinka 'yan jijiyoyin da suka rage, ko ya mai da tsaga ta zama cikakkiyar karaya. Daɗin daɗawa, kwanakin da aka yi ana gwaji su ne kwanakin da ƙashin ke mutuwa. Madorin da ya ga rauni a kwatangwalo ya ce a wuce asibiti nan take, ya nuna ƙwarewa ne, ya kuma ceci ƙafar ɗan'uwansa.

9. Amfanin ganowa da wuri

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an gano cutar kafin kan ya lotsa, akwai abubuwan yi. Akan sa mutum ya riƙe sanduna don a rage wa gaɓar nauyi, ko da yake wannan kaɗai ba safai yake isa ba. Akan huda ƙashin har zuwa mataccen wurin don a rage matsi, a kuma buɗe wa sababbin jijiyoyi hanya. Wani lokaci a cika ramin da ƙashi ko ɓargon da aka ɗebo daga jikin majinyacin. Akan kuma yanka ƙashin a juya shi, yadda lafiyayyen gefe zai koma ɗaukar nauyi.

In kuwa kan ya riga ya lotsa, gaɓar ta lalace, abin da ya rage galibi shi ne a sauya ta da ta ƙarfe da roba, aikin da wani likitan Ingila, John Charnley, ya inganta a farkon shekarun 1960. Aiki ne mai kyau da ke kawar da ciwo, ana kuma yinsa a manyan asibitocin ƙasar nan. Sai dai yana da tsada, gaɓar da aka sa tana cinyewa da shekaru, ba a kuma son mai ita ya koma ɗaukar kaya masu nauyi. Ga saurayin da ƙarfinsa ne jarinsa, wannan na nufin sauya sana'a. Gaɓar da aka haifi mutum da ita ta fi kowace, in har an iya cetonta.

Don haka ne likita ke ba da ranakun komowa, galibi bayan mako 6, wata 3, wata 6, shekara 1 da shekara 2. Majinyaci ya adana katinsa da dukan hotunansa, ya riƙa zuwa da su, gama ta hanyar gwama sabon hoto da tsoho ne ake gane ƙaramin canji. Kada ya ajiye sanduna, kada kuma ya koma dako, sai likita ya ba shi izini.

Abin tunawa

1. Kan ƙashin cinya yana samun jini ta hanya ƙanƙanuwa, karaya ko gocewa na iya yanke ta.

2. Gocewar kwatangwalo tana bukatar a mayar da ita a asibiti kafin awa 6.

3. Lafawar ciwo da kyawun hoton farko ba su nuna haɗari ya wuce ba.

4. A sanar da likita in akwai sikila, ko shan ƙwayoyin ƙiba, ko giya, ko taba.

5. A ci gaba da komawa asibiti har shekara 2 aƙalla, a kuma gaggauta zuwa in ciwo ko ɗingishi ya dawo.

Wanda ya karanta wannan ƙasida ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman shugabannin 'yan dako, da direbobi, da masu ɗori na unguwarsu.